Makullin da Aka Yi da Sunan Auta

Ranar da abin ya fara, babu wanda ya ɗauke shi a bakin komai. La'asar ta yi sakaliya, rana ta sunkuya bayan tankin ruwan maƙwabta, inuwar katanga ta cinye rabin tsakar gida. Umma na kwashe shanya daga igiya. Auta, 'yar shekara goma sha huɗu, na zaune bakin ƙofar falo tana goge takalmin makaranta. Ita kaɗai ta rage a gabansu, yayyenta biyu duk suna karatu a wani gari. Maigidan kuwa yana ƙaramin ɗakin da ya mayar ofis, yana fama da zanen wani bene da ya yi alkawarin miƙawa kafin ƙarshen wata. Sana'arsa ke nan, shi ya sa duk layin ke kiransa Mai Zane.

Kwamfutar da yake aiki da ita ba tasa ba ce tun asali. Ta yayansa ce, wanda yara ke kira Baffa, tsohon malamin makaranta da ya rasu wata huɗu da suka wuce, shi kaɗai a ɗakin hayarsa na ƙarshen gari. Da aka je kwashe kayansa, Mai Zane ya ɗauko ta, don tasa ta mutu. Ya buɗe wa kansa ɗan asusu a ciki, ya rage ƙarar sifika, ya mayar da rubutun allo ƙanana, domin marigayin ya bar haruffan manya-manya saboda raunin ido. Asusun Baffa kuwa bai taɓa leƙa shi ba.

Da aka kira magariba ya tafi masallaci. Da ya dawo, ya tarar an rufe zanensa, haruffan allo sun koma manya kamar na allon talla, an ƙure ƙarar sifika, kujerar kuma an ja ta gefe, kamar wani ya matsar da ita don ya zauna a ƙasa.

"Auta! Wa ya shigar min ɗaki?"

"Ban shiga ba, Baba."

"To uwarki ce ta koyi kwamfuta yau?"

Ya gyara saitin yana tsaki. Washegari haka aka yi. Wanshekare ma haka. Kullum tsakanin magariba da isha'i, kullum saiti iri ɗaya. Rana ta huɗu ya tsare yarinyar a tsakar gida, ya ce mata maƙaryaciya, kalmar da bai taɓa jifanta da ita ba. Ta rantse, ta yi kuka, bai saurare ta ba. Umma ta ce, "Wallahi tare muke a kicin," ya ce ai dama kaza ba ta ganin laifin 'ya'yanta.

Rana ta biyar saitin ya ƙi buɗuwa gaba ɗaya. Duk inda ya latsa sai wani ɗan akwati ya fito ya ce ba shi da izini, ya tuntuɓi mai kula da kwamfutar. Ya kashe ya kunna, ya zare waya ya mayar, a banza. Dole ya kira ƙanwar matarsa, wadda ke da shagon gyaran waya da kwamfuta, Auta na kiranta Anti.

Ta zo da hantsi da jakarta a kafaɗa. Minti biyar ba ta yi ba ta kwashe da dariya.

"Yaya, kai da kake zana wa mutane ƙofofi, ka bar taka a wangale? Ka ga wannan asusun naka? Na baƙo ne, ba shi da iko da komai. Na Baffa shi ne admin, shi ne maigidan kwamfutar, kuma ko kalmar sirri babu a kansa. Duk wanda ya shiga ta nan, abin da ya ga dama zai yi. Ga shi har an ƙwace maka ikon taɓa saiti."

"Wa ya ƙwace?"

"Wanda ya shiga mana. Ni mai gyara ce, ba mai duba ba."

Ta shiga asusun marigayin, ta mayar wa Mai Zane da izininsa, sannan ta ce ya zaɓi kalmar da za a kulle babban asusun da ita. Ya ɗan yi tunani, ya ce, da ƙarfi yadda za a ji daga tsakar gida, "Sunan Auta zan sa. Ita da ke min ɓarna, ba za ta taɓa zaton da sunanta aka rufe ba."

"Ai kuwa ka gama faɗa wa duniya," in ji Anti. "Ƙara lambobi da wata alama, ka cakuɗa manyan haruffa da ƙanana. Kuma kar ka faɗa min, ba na son amanar da ba tawa ba."

Ya yi bisimilla, ya rubuta, ya sake rubutawa, ya kwafe a 'yar takarda ya cusa a aljihu. Anti ta soka wa kwamfutar wani ƙaramin filashi, ɗan abin nan na adana bayanai, ta yi 'yan latse-latse, ta ce wannan na ranar mantuwa ne, in kalmar ta ɓace da shi ake sake wata. Ta jefa shi a jakarta ta tafi.

Yammacin ranar, gidan ya yi wani irin shiru. Tsuntsayen da ke taruwa a bishiyar bayan katanga ba su zo ba. Ladan na rufe baki daga kiran magariba, dutse na farko ya sauka a kan rufin ofis. Kwam! Umma ta ɗaga kai. Na biyu ya faɗo tsakiyar tsakar gida, ya gangara har ƙafarta. Ta taɓa shi, ta yi maza ta janye hannu, da zafi kamar daga murhu aka ciro shi. Daga nan suka riƙa zubowa ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar mai jifan yana jira a amsa masa. Mai Zane ya dawo daga masallaci ya zagaya bayan gida da tocila. Babu kowa. Maƙwabta suka ce ba su ji komai ba. Ana kiran isha'i jifan ya tsaya cak.

Washegari babu wanda ya iya zama wuri ɗaya. Umma ta share tsakar gida sau uku. Mai Zane ya zauna gaban zanensa, ya ja layi ya goge, ya ja ya goge. Kowa na satar kallon rana, yana ganin yadda take sauka. Da magariba ta yi bai fita ba, a falo ya yi salla. Yana cikin tahiya ya ji ƙarar madannai daga ofis. Ƙas, ƙas, ƙas. A dakata. Ƙas, ƙas, ƙas.

Yana sallamewa ya nufi ofis. Auta ce zaune a ƙasa gaban teburin, ta miƙa hannu sama tana latsawa, idanunta a rufe. Sunanta take rubutawa a gurbin kalmar sirri. Kwamfutar ta ce ba daidai ba. Ta sake. Ta sake. Har allon ya nuna an yi kuskure da yawa, an rufe asusun.

"Yau dai na kama ki," ya ce, ya damƙi kafaɗarta.

Sanyin da ya ji ya ratsa shi har gwiwar hannu. Ta juyo a hankali, ba ta buɗe ido ba. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, mai kauri, kamar daga cikin rijiya.

"Wa ya rufe ƙofar?"

Umma da ke bayansa ta saki salati. Yarinyar ta sulale ƙasa.

Kwana uku aka yi a haka. Da rana Auta na kwance, ba ci ba sha sai ɗan ruwa a cokali, idonta kafe a silin. An kai ta asibiti, an auna jini, an duba kai, likita ya ce bai ga komai ba. Da rana ta faɗi kuwa sai jikinta ya sandare, duwatsu su fara sauka, muryar ta dawo da tambayarta guda ɗaya. Umma ta rame, bakinta ya bushe da addu'a. Mai Zane ya daina amsa wayar mai benen. Sai ya shiga ofis, ya fito, ya tsaya kan 'yarsa, ya koma. So yake ya roƙe ta gafara, amma wadda zai roƙa ba ta nan.

Limamin layin ne ya yi musu kwatancen wani dattijo mai ruƙiyya. Ya iso rana ta huɗu bayan la'asar a kan tsohon keke, siriri, gemunsa fari fat, ba ya ɗauke da komai sai carbi da gorar ruwa. Ya zauna a tabarma ya saurari labarin tun daga farko, bai katse kowa ba. Da aka zo kan kwamfuta ya ce, "Ni ban san kanta ba. A kira wadda ta sa makullin, ta zo da kayan aikinta." Aka kira Anti. Ta shigo babu dariyar nan tata.

Aka shimfiɗa Auta a ofis, kanta a cinyar uwarta. Suka yi salla, suka zauna. Haske na janyewa daga taga kaɗan-kaɗan har fuskokinsu suka fara dushewa. Malam ya soma karatu, murya ƙasa-ƙasa, ba ya sauri. Dutse ya faɗo kan rufi. Bai ɗaga kai ba. Yatsun ƙafar yarinyar suka fara rawa, rawar ta hau har ƙirji, sai ta tashi zaune zumbur.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni."

"Sallama ake fara yi," in ji Malam. "Wane ne kai?"

"Ɗalibi ne."

"Ɗalibin wa?"

Hannun Auta ya ɗagu ya nuna kwamfutar. "Na mai wannan. Shekara goma sha ɗaya ina zama a bakin tagarsa. Kullum bayan magariba yakan buɗe littafi ya yi karatu da ƙarfi, yana fassarawa, yana naɗar muryarsa a cikin wannan abin, wai ko wata rana wani zai amfana. Babu mai zuwa. Ni ne kawai. Ya san ina nan, don yakan ce, na bakin taga, ka gane ko in maimaita?" Kan yarinyar ya juya wajen Mai Zane. "Kai ne ƙanen. Yana yawan ambatonka. A shekara goma sha ɗayan nan, sau nawa ka zo?"

Mai Zane ya kawar da idonsa daga kanta. Ya sunkuyar da kai.

"Ba shari'arsa muka zo yi ba," in ji Malam. "Me ya kawo ka gidan nan?"

"Na yi tafiya wajen dangina. Na dawo na tarar an binne shi, ɗakin wayam. Darussa sun wuce ni. Na biyo muryarsa har nan, na sami ƙofa a buɗe, ina shiga ina saurare, ɗaya kowace yamma. Na gyara wurin yadda yake so, wannan yana ɓatawa, shi ya sa na hana shi taɓawa. Saura darasi ɗaya tak, na ƙarshe, aka rufe. Kuma da sunan Allah aka rufe, ba ni da ikon karyawa."

"Yarinyar fa? Me ta yi maka?"

"Ubanta ya ce da sunanta ya kulle. Da kunnena na ji. Wanda aka rufe wa ƙofa, ai makulli yake nema."

Umma ta dubi mijinta, kallo ɗaya, ta mayar da idonta kan 'yarta.

Malam ya ja carbinsa. "Karatun me yake maka?"

"Ladubba. Haƙƙin maƙwabci, haƙƙin baƙo, yadda ake shiga gidan mutane."

"Madalla. To a wane darasi ya ce ka yi jifa? A wane babi ya ce ka shiga jikin 'yar ƙanensa, ka hana ta ci da sha? Shekara goma sha ɗaya kana zaune, ashe jaki ne ɗauke da littattafai."

Wani gurnani ya cika ɗakin, gilashin taga ya yi ƙara. Sannan ya lafa. Da muryar ta dawo, ta yi laushi.

"A ba ni kalmar. In na samu zan fita, in riƙa zuwa ina saurare, ba zan taɓa kowa ba."

"A'a. Wanda aka ba makullin gida ya zama maigida. Ba za a ba ka ba."

"To a cire makullin, a bar shi yadda yake da."

"A'a."

"To in zauna a jikinta zuwa jibi, in..."

"Ko zuwa isha'i ban yarda ba. Ga abin da za a yi. Maigidan zai buɗe maka da hannunsa, a matsayinka na baƙo. Za ka ji darasin da ya rage, sau ɗaya, muna zaune. In ya ƙare ka fita, ka bar gidan nan da zuri'arsa har abada. In ka ƙi, in ci gaba daga inda na tsaya, kuma ka ɗanɗana ka ji."

Can muryar ta ce, "Na ɗauki alkawari, da girman wanda aka rufe ƙofar da sunansa."

Mai Zane ya matsa gaban kwamfutar. Ya rubuta kalmar. Ba daidai ba. Ya sake, ya sauya lambar ƙarshe. Ba daidai ba. Ya laluba aljihu, sai ya tuna rigar da takardar ke ciki an wanke ta tun shekaranjiya. Bayansa numfashin Auta ya fara sarƙewa.

"Yaudarata za ku yi," in ji muryar. Wani dutse mai nauyi ya daki rufin har ƙura ta zubo.

"Kar ka sake gwadawa, Yaya, za ta ƙara rufewa," in ji Anti. Ta zazzage jakarta a ƙasa, sukurori da wayoyi suka watse, ta tsinto filashin. Sau biyu tana kuskuren ramin kafin ya shiga. Ta latsa inda aka rubuta an manta kalmar sirri, ta bi matakan ɗaya bayan ɗaya, leɓenta na motsi. Gurbi ya fito fari, yana jiran sabuwar kalma. Ta ja baya.

"Kada ka sa sunan wani mai rai," in ji Malam, "ko na mamaci. Kada kuma ka furta."

Mai Zane ya yi bisimilla ya rubuta. Asusun Baffa ya buɗe. A tsakiyar allon akwai folda guda mai suna Karatun Yamma, cike da ɗaruruwan fayiloli, kowanne da kwanan watansa. Ya gangara har ƙasa, ya latsa na ƙarshe.

Muryar yayansa ta cika ɗakin. A gajiye take, tana haki, amma ita ce, har da ɗan gyaran muryar nan da yake yi kafin ya fara magana. Yana bayani ne a kan baƙo: cewa baƙon kirki shi ne wanda ya san lokacin tashi, ba ya jira sai an gaji da shi. Ya kawo misali, ya yi 'yar dariya shi kaɗai. Auta na zaune ta tanƙwashe ƙafa, kanta a sunkuye, hawaye na bin kumatunta. Mai Zane ma ya kasa riƙe nasa. Bayan kamar minti goma tari ya sarƙe mai karatun. Ya daɗe yana yi. Sannan ya ce, "Yau jikin ba daɗi. Mu dakata a nan, gobe ma ƙarasa in Allah ya kai mu." Aka ji motsin kujera, sai shiru.

"Bai ƙarasa ba," in ji muryar, can ƙasa.

"Babu mai ƙarasawa," in ji Malam. "Abin da ka ji ya ishe ka, in za ka yi aiki da shi. Ka ji abin da ya ce game da baƙo."

"Na ji." Kan yarinyar ya juya wajen Umma. "Ki yafe min, uwar yarinya. Ban san jikinku ba shi da ƙwari haka ba." Sannan muryar ta ce wa Mai Zane, "Kabarinsa ya fara burmawa ta wajen ƙafa. Ni ba ni da hannun gyarawa."

Baƙon ya yi sallama cikakkiya. Auta ta yi atishawa sau uku, labulen taga ya ɗaga ya sauka ba tare da iska ba, jikinta ya saki a hannun uwarta. Daga nesa aka fara kiran isha'i. Ta buɗe ido, ta dubi mutanen da suka kewaye ta, ta ce da 'yar siririyar muryarta, "Umma, yunwa nake ji."

Malam bai karɓi komai ba sai ruwan da aka cika masa gora. A bakin ƙofa, yana riƙe da kekensa, ya ce wa Mai Zane, "Ƙofa a rufe ta, wannan daidai ne. Amma kafin ka rufe, ka riƙa duba wa ke ciki, wa ke waje."

Da safe Mai Zane ya ɗauki shebur ya tafi maƙabarta. Ya tarar da kabarin yadda aka faɗa. Ya gyara shi, ya daɗe a tsugune. Da ya dawo, Anti ta zo ta kwafe karatun Baffa a filashi uku, ɗaya na gidan, biyu na yayyen Auta, ta kuma buɗe wa yarinyar nata asusun daban. Sabuwar kalmar admin aka rubuta a takarda, aka liƙe a ambulan, Umma ta adana inda ita kaɗai ta sani.

Auta ta yi mako guda kafin ƙafarta ta yi ƙwari. Ba ta tuna komai na kwanakin nan huɗu. Wata safiya tana zaune a tsakar gida tana shan hantsi, uban ya zo ya zauna a ƙasa kusa da ita, abin da bai saba ba. Ya daɗe yana juya hularsa a hannu.

"Na ce miki maƙaryaciya," ya ce. "Ba ki yi ƙarya ba. Ki yafe min."

Ta shiga wasa da bakin zanenta.

"Baba, jifan bai ba ni tsoro sosai ba. Abin da ya fi ba ni tsoro, ranar da na rantse maka, ka kalle ni kamar ba ka san ni ba."

Ya kasa ɗaga ido.

"Na yafe," ta ce. Ta ɗan matso, ta jingina kanta da kafaɗarsa. "Amma sunana, ka riƙa kirana da shi kawai. Kar ka sake rufe wani abu da shi."